Wayata ta yi nauyi, tana zafi, tana mutuwa a kashi 30: in yi filashin ko in sayi sabuwa?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada, mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, ta aiko da tambaya. Wayarta Android ce mai ram giga 3 da ma'ajiya giga 64, kuma ta shekara biyu da rabi a hannunta. Yanzu ta yi nauyi, in ta taɓa WhatsApp sai ta zauna jira kafin ya buɗe, bayanta yana ɗaukar zafi, sannan tana mutuwa alhali caji na nuna kashi 30. Ƙaninta ya ce a kai a yi mata filashin, wato a goge komai a sake ɗora mata manhaja. Maƙwabciyarta kuma ta ce kamfanoni ne ke kashe waya da gangan don a sayi sabuwa. Tana neman a faɗa mata wanne za ta bi.

Hajiya, ki dakata da maganar filashin tukuna, kada kuma ki taɓa jarinki don sayen sabuwa. Gyaran waya sana'ata ce a nan Kaduna, kuma abin da kika lissafa shi ne abin da aka fi kawo mana. Ciwo biyu ne suka haɗu wa wayarki lokaci guda, shi ya sa kike ganin kamar ta gama yayi. Na farko batir ne ya gaji, kuma zafi ne ya gajiyar da shi. Na biyu ma'ajiya ce ta cika. Na ma'ajiya da hannunki za ki magance shi a gida ba tare da kin kashe ko sisi ba, na batir kuma kuɗinsa ƙanƙane ne in an kwatanta da farashin sabuwar waya, musamman yadda farashi ya tashi tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Bari in fara da mutuwar da take yi a kashi 30, domin ita ce shaidar da ta fi ƙarfi. Batirin waya na zamani na sinadarin litiyom ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Duk lokacin da aka cika shi aka sauke, wani ɗan kaso na sinadarin da ke ciki yana lalacewa, kuma ba ya dawowa. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Batiran Android ma sinadarinsu ke nan. Ki lissafa da kanki: mai kasuwanci a waya tana cinye cikakken caji ɗaya a yini, wani lokaci fiye. Shekara biyu da rabi kwana 900 ne da ɗoriya. Kin wuce 500 ɗin nan da nisa.

To amma me ya sa ba ta bari ta kai sifili kafin ta mutu? Lambar da kike gani a saman sikirin kiyasi ce wayar take yi, ba awo ba ne kai tsaye. Tsohon batir yana iya riƙe wuta, abin da ya kasa shi ne ya saki wutar da yawa a lokaci guda. In kina karanta saƙo kawai, zai lallaɓa. Da zarar kin kunna kyamara za ki ɗauki hoton leshi, ko kwastoma ta kira ki kiran bidiyo, injin wayar zai nemi wuta mai yawa nan take, ƙarfin batirin ya zube ƙasa da abin da injin zai iya aiki da shi, sai wayar ta kashe kanta. Ki lura da kyau a kwanakin nan. In kin ga mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin kyamara, bidiyo ko kira, kuma in kin jona caja ta tashi tana nuna kashi 20 ko 25, to babu sauran tantama. Filashin ko sau goma aka yi ba zai taɓa wannan ba, domin matsalar ba a manhaja take ba.

Yanzu zafi, wanda a ganina shi ne ya fi komai cin wayoyin mutanen garin nan, kuma shi ne aka fi rainawa. Masu ƙera waya sun ce kada a yi amfani da ita ko a caja ta a wurin da zafinsa ya wuce digiri 35, kuma sun ce zafin da ya wuce haka yana rage wa batir ƙarfi har abada. A Kaduna, a watan Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka, rana kan kai digiri 35 har ta wuce, a inuwa ma. Ke nan kafin ki taɓa wayar, iskar ɗakin da kanta ta kai ta bakin iyaka. Sai a ɗora mata caji, wanda shi ma zafi yake haifarwa. Sai a ɗora kallon TikTok ko fim a YouTube tana jikin caja. Sai kuma kaba mai kauri ta roba da ta rufe bayan wayar ruf, alhali ta bayan nan ne zafin yake fita, tunda waya ba ta da fanka irin ta kwamfuta. Da dare kuma a tura ta ƙarƙashin matashi tana caji saboda yara ko saboda ɓarayi. Kowane ɗaya shi kaɗai ba zai kashe batir ba, amma in suka taru kullum na tsawon shekara biyu, sakamakon shi ne abin da ke hannunki.

Ki leƙa rumfar masu cajin waya a kowace unguwa ranar da aka daɗe ba wuta, ko a Rigasa ko a Kawo ko nan Tudun Wada. Rumfar kwano ce, janareto na ruri a gefe, allon katako cike da soket, wayoyi jere wasu a kan wasu, kowacce da 'yar takardar lamba manne a bayanta. Ki sa hannu ki ɗauki wadda ke ƙasa, za ki ji ta kamar an ciro ta daga rana. Ba na zargin masu wannan sana'a, suna rufa wa jama'a asiri. Amma in dole sai kin kai, ki cire kabar, ki tafi da cajarki, ki roƙi a ajiye miki ita ita kaɗai a gefe. Abin da ya fi ma shi ne ki kai fawa bank a caja, ki dawo ki caja wayar a gida cikin inuwa.

Akwai wani tushen zafi da mutane ba sa kawowa a ransu, wato raunin sabis. Waya tana magana ne da turken sadarwa, kuma in ya yi mata nisa ko bango ya tare, sai ta ƙara ƙarfin da take aikawa. Shi ya sa a cikin shagunan ciki na Kasuwar Sheikh Gumi, ko a ɗakin da sabis yake sanda ɗaya, za ki ga caji na zuba kuma wayar na ɗumi ko ba a taɓa ta ba. Haka ma a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, inda take ta sakin wani turke tana neman wani. In layi biyu ne a ciki, aikin ya ninku. In akwai layin da ba kya amfani da shi sai jefi-jefi, ki kashe shi a saiti. Raba wa 'yan gida data daga wayarki shi ma yana dafa ta sosai, musamman in tana caji.

Wani abu kuma da ke faruwa: in injin waya ya ji zafi ya yi yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Saboda haka wani ɓangare na nauyin da kike gani da rana tsaka daga zafin yake. Ki gwada ta da asuba ki gwada ta da azahar, za ki ga bambanci.

Kafin komai, yau ɗin nan ki cire kabar ki ɗora wayar a kan tebur mai santsi. In tana lilo, ko kin ga murfin baya ya ɗaga, ko gefen sikirin ya buɗe har haske na fita ta wajen, to batirin ya kumbura. In muka buɗe irin wannan a shago, mukan tarar da batirin da ya kamata ya kwanta shafal ya tasa, ledar azurfar da ke jikinsa ta cika da iska, in ka danna a hankali sai ka ji taushi, wani lokaci har da ɗan wari mai zaƙi-zaƙi. Iskar nan daga sinadarin da ya ruɓe take fitowa. Kada a huda shi da allura don a sace iskar, kada a danne shi da wani abu mai nauyi, kada a sa shi a firiza. Batirin litiyom in ya fashe wuta yake kamawa. A 2016 kamfanin Samsung ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda batiranta na kamawa da wuta. In naki ya kumbura, ki daina caja shi, ki kai a canza a ranar, kuma kada a jefa tsohon a bolar da ake cinna wa wuta.

Sai caja. Aikinta shi ne ta karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ta mai da ita bolt 5, ko sama da haka in mai saurin caji ce kuma wayar ta yarda. Caja ta gari tana tace wutar ta fito sumul. Ta jabu, irin wadda ake tallarta a baro a bakin titi, an cire mata yawancin kayan tacewa da na kariya, shi ya sa in kin ɗaga ta za ki ji ba nauyi. Alamarta a bayyane take: in waya na caji sai sikirin ya riƙa taɓa kansa, ko ki danna nan ya amsa can. Duk cajar da ta yi miki haka ki rabu da ita, araha ba ta ado. Ita ce ke ƙona ɗan ƙaramin sashen da ke kula da caji a jikin injin, kuma gyaran wannan ya fi canjin batir tsada da wahala. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka dawo da wuta da sa'ad da ake tayar da janareto, domin a sannan ne wutar take yin tsalle. Ki zare caja in an ɗauke wuta, ki bari ta zauna na 'yan mintuna kafin ki mayar.

Game da fawa bank, lambar da ke jikinsa ta batirin ciki ce, kuma wuta tana raguwa wajen juya ta zuwa waya. Mai 10,000 na gaske zai cika waya mai batir 5,000 kamar sau ɗaya da rabi, ba sau biyu ba. In aka nuna miki ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000, rubutu ne kawai.

In kuma kin ga sai kin karkata igiya ko kin tokare ta kafin caji ya shiga, kada ki yarda a ce miki bakin caji ya mutu sai an duba. Bayan hunturu, abin da muke zaƙulowa daga bakin caji da tsinken roba abin mamaki ne: jar ƙura ta haɗu da zaren aljihu da na jaka ta dunƙule ta zama kamar ƙullin auduga, kan igiya ya danna ta ciki har ta hana shi zama. Aikin minti biyar ne. A kashe wayar kafin a yi, kuma ban da allura ko wani ƙarfe.

Maganar nan da ake yi cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji, ko sai an bar batir ya mutu murus kafin a caja, ta batiran da ne na sinadarin nikel. Na litiyom ya fi son tsaka-tsaki. Ki jona in ya sauko wajen kashi 20, ki zare in ya kai 80 ko 90 in hali ya yi. Na san da yanayin wutarmu mutum in ya samu sai ya cika, kuma ba zan ce ki bar wuta ta wuce ki ba. In zaɓi ɗaya za ki yi tsakanin wannan da kare wayar daga zafi, ki zaɓi kare ta daga zafi.

Maƙwabciyarki kuwa ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. A Disamba 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone ta hanyar sabunta manhaja, ba tare da ya sanar da masu su ba. A 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, kan sabuntawar da ta rage wa tsofaffin wayoyi kuzari. A 2020 Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25. Duk wannan ya faru. Sai dai ki duba dalilin da Apple ya bayar: tsofaffin batira ne ke sa wayoyin mutuwa ba zato, irin yadda taki ke yi, sai suka rage gudun don kada su mutu. Laifin da Faransa ta kama su da shi shi ne ɓoyewa, domin mutane da yawa sun sayi sabuwar waya alhali canjin batir ya ishe su. Abin da nake guje miki ke nan. Inda na fi ganin gazawar masu ƙera wayoyi masu sauƙin kuɗi shi ne gajeren lokacin da suke ba da sabuntawar tsaro, da kuma tarin manhajojin talla da suke cusowa tun daga kwali.

Mu koma kan nauyi. Lambobi biyu kika ba ni, 3 da 64, kuma aikinsu daban ne. Ki ɗauka ram ita ce kantar shagonki inda kike baje atamfa wa mai saye, ma'ajiya kuma ita ce sito. In kanta ƙarama ce, duk wanda ya ce a nuna masa wani zane sai kin naɗe na gabansa kin mayar sito kin ɗauko wani. In siton ma ya cika har bakin ƙofa, kowace shiga da fita sai an yi ta ɗaga kaya. Wayarki kantarta giga 3 ce, kuma WhatsApp, Facebook, Instagram da TikTok na yau sun fi na shekarar da kika saye ta girma da ci. Wannan ba ki da iko a kansa. Amma sito kina da iko a kansa, kuma na tabbata naki ya cika.

Dalilin da cikar ma'ajiya ke kawo nauyi shi ne, irin ma'ajiyar da ke cikin waya ba ta iya rubutu a kan tsohon rubutu kai tsaye. Sai ta kwashe abin da ke wurin ta kai wani fili, ta goge, sannan ta rubuta. In fili ya yi kaɗan, kowane ɗan saƙo da ya shigo sai ya jawo wannan kwashe-kwashe. Daga giga 64 ɗin ma, manhajar wayar kanta ta riga ta cinye kaso mai kauri tun kafin ki buɗe kwali. Ni nakan ce wa masu irin wayarki su bar aƙalla giga 6 zuwa 8 a sake ko da yaushe.

Ki shiga saitin wayar ki duba wajen ma'ajiya, zai nuna miki abin da ya rage da wanda ya fi ci. A wayar 'yar kasuwa kusan kullum WhatsApp ne a sama. Gurup na dillalai, na 'yan uwa, na Islamiyya, na tsofaffin ɗalibai, na biki, kowanne yana zubo bidiyo, kuma wayar tana sauke su da kanta ko kin kalla ko ba ki kalla ba. Bidiyon wa'azi ɗaya zai iya shigo miki ta gurup huɗu. A cikin saitin WhatsApp, wajen ma'ajiya da data, akwai inda ya ware miki duk abin da ya wuce mega 5 da duk abin da aka yi ta turawa sau da yawa, sannan ya jera hirarraki daga wadda ta fi nauyi. Ki zauna da daddare ki bi su. Hotunan kayan da aka sayar tun bara, bidiyon bikin da kika riga kika gani, duk su tafi. A wannan shafin dai, ki kashe saukewa da kai na hoto, bidiyo da sauti, ta yadda sai abin da kika taɓa zai sauka. Wannan zai rage miki kuɗin data ma, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Ki duba jakar Xender ita ma, finafinan da yara suka karɓa suna can. Kada ki manta da kwandon shara na wajen hotuna, domin abin da kika goge yakan zauna a can wajen kwana 30 yana cin fili.

Hotunan da ba kya son rabuwa da su ki kwashe su zuwa kwamfuta ko katin memori. Amma ki sayi katin a shagon da za ki iya komawa, domin akwai na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika ya fara cinye hotuna ba ki sani ba.

Akwai manhajojin da nake roƙon ki cire. Duk wata mai sunan shara, ƙara gudu ko sanyaya batir, ba ta da amfani. Manhaja ba ta iya sanyaya batir. Abin da suke yi shi ne su rufe sauran manhajoji da ƙarfi, su kuma su sake tashi, tashin ya ci wuta fiye da zamansu, sannan su cika miki sikirin da talla. Android tun daga na 6 a 2015 yana da tsarinsa na kwantar da manhajojin da ba a amfani da su. In kina son mai taya ki shara, Files ta Google ta isa. Sai GB WhatsApp da 'yan uwanta. Na san abin da ke jan mata gare su, amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba a Play Store ake samunsu ba, kuma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su. Ke da duk kwastomominki ke kan lamba ɗaya, wannan kasada ce da ba ta dace da ke ba. WhatsApp Business kyauta ce, kuma tana da wajen jera kaya da farashi, wanda zai rage miki tura hoto ɗaya sau ɗari. Facebook Lite ma ta fi dacewa da ram giga 3.

Filashin da ƙaninki ya ce yana da ranarsa: in waya ta maƙale a tambarin kamfani ta ƙi wucewa, ko wata muguwar manhaja ta shige ta ta ƙi fita. Taki ba ta cikin waɗannan. Gaskiya ne bayan filashin waya takan yi sauƙi, amma dalilin shi ne an share komai, ma'ajiya ta samu fili. Abin da za ki iya yi da hannunki ke nan ba tare da kin rasa lissafin bashin da kike bi ba. Na ga mata sun zauna a benci a shago suna hawaye saboda hirar shekaru da kwastomomi da hotunan iyayen da suka rasu sun tafi, kuma babu mai iya dawo da su. Ga kuma tarkon da ba a faɗa wa mutane: tun daga Android 5.1, wayar da aka goge takan nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da ke kanta a da kafin ta buɗe. Yawancin mutanenmu a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba. Ko ba za ki yi filashin ba, ki tabbatar yau kin san naki, ki rubuta a takarda ki adana. Ki duba cewa lambobin mutane a Gmail suke ajiye, ki kunna ajiyar hirar WhatsApp a Google Drive. Google na ba da giga 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp tana cin daga ciki, saboda haka ki cire bidiyo daga abin da za a ajiye.

Ranar da za ki kai canjin batir, ki cire layukanki da katin memori tun daga gida, domin da layi kaɗai ana iya taɓa asusun banki. Canjin batir ba ya buƙatar lambar buɗe waya. In mai gyara yana son gwadawa, ki buɗe da hannunki a gabansa. Aiki ne da ake yi kina zaune, sai ki jira abinki. Ki ce a nuna miki sabon batirin kafin a sa, lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon, a kuma ba ki tsohon ki gani. Ki tambayi garanti, ko na wata ɗaya ne, a rubuta a rasit. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin waɗannan ba. In wayar Tecno, Infinix ko itel ce, duka na kamfanin Transsion ne, kuma Carlcare ce cibiyar gyaransu, kina iya fara tambayar farashi a can ki kwatanta da na kasuwa.

In kin share ma'ajiya, kin canza batir da caja, na fi kyautata zaton za ki ƙara shekara da ita cikin rufin asiri. Abin da zai sa in ce ki canza shi ne in manhajar bankinki ta fara cewa Android ɗinki ya tsufa, ko wayar tana zafi tana cin caji ko da sabon batir kuma ba a taɓa ta ba, wanda ke nuna matsala a injin, ko kuma sikirin ma ya fashe har jimillar gyara ta doshi rabin kuɗin sabuwa. WhatsApp dai ba zai guje ki nan kusa ba, tunda a Oktoban 2023 waɗanda ke ƙasa da Android 5 ya daina yi wa aiki, taki kuwa ta wuce nan da nisa.

In lokacin sayen ya zo, kada yawan idanun kyamara a baya ya ɗauke miki hankali. Ki nemi ram ta gaske giga 6, in ya gagara 4, da ma'ajiya giga 128. Ki kula da rubutun kwali irin 4+4. Lamba ta farko ce ram, ta biyun aro ce daga ma'ajiya, kuma ba ta kusa da gudun ta gasken. Mai shago zai ce miki giga 8 ce, ke ki lissafa ta a 4. Ki tambayi shekarun sabuntawar da kamfani ya yi alkawari. Manyan wayoyi irin Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara 7, masu sauƙin kuɗi ba sa kaiwa nan, amma a cikinsu ma wata ta fi wata. In ta hannu za ki saya, ki danna *#06# ki ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali, ki sa mai ita ya cire Gmail ɗinsa a gabanki, sannan a rubuta miki rasit mai ɗauke da wannan lamba da sunan shago, saboda in wayar sata ce, wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa.